Faso a kan titi: Yadda abin da ke cikin kwalta ke sa sabuwar hanya tsagewa

A ƙarshen shekarar 2016, Babbar Mai Binciken Kuɗi ta lardin Ontario da ke Kanada, Bonnie Lysyk, ta fitar da wani rahoto da ya tayar da ƙura a tsakanin jami'an gwamnati da 'yan kwangilar hanyoyi.

Rahoton ya ce manyan titunan da aka shimfiɗa domin su yi shekara 15 suna aiki sun fara tsagewa tun ba a je ko'ina ba. A ayyuka biyar kaɗai da aka bi diddiginsu, ma'aikatar sufuri ta lardin ta kashe dalar Kanada miliyan 23 wajen gyara, bayan miliyan 143 da ta biya tun farko. Wasu daga cikin titunan ba su wuce shekara ɗaya zuwa uku da gamawa ba.

Rahoton bai ɗora laifin a kan manyan motoci ko ambaliya ba. Ya nuna yatsa ne ga ita kanta kwaltar, wato baƙin ruwan nan mai danƙo da ke riƙe tsakuwa da yashi.

Wannan kwalta ba ta wuce kashi 5 zuwa 6 cikin 100 na nauyin abin da ake shimfiɗawa a kan titi ba. Sauran duk dutse ne da yashi. Amma wannan ɗan kason shi ke yanke hukuncin ko titi zai tsallake hunturu lafiya, ko kuwa zai wayi gari a tsage.

Yadda sanyi ke yaga titi

Akwai wata irin tsaga da injiniyoyi ke ganewa tun daga nesa. Takan ratsa titi a gicciye, daga wannan gefe zuwa wancan, kamar an ja layi. Idan aka yi gaba kaɗan sai a sake cin karo da wata, sannan wata, kuma tazarar da ke tsakaninsu kusan iri ɗaya ce.

Irin wannan tsaga tana fitowa har a titin da mota ba ta cika bi ba, da filin ajiye motoci, da gefen titin jirgin sama. Sauyin yanayi ne ke haifar da ita.

Kusan duk abin da ya yi sanyi yakan tsuke. Shimfiɗar kwalta mai tsawon mita 100 za ta so ta rage tsawo da kimanin santimita 7 idan zafinta ya sauka da digiri 30 a ma'aunin Salshiyas. A kilomita guda kuwa, abin ya haura rabin mita.

Sai dai titi ba shi da damar tsukewa. Yana manne da abin da ke ƙarƙashinsa, kuma tsawonsa ya yi yawa. A faɗi yana iya ɗan motsawa tunda 'yan mitoci ne, amma a tsawo babu inda zai je. Don haka sai jan ya taru a cikinsa, kamar igiyar da aka ɗaure bakinta biyu ake ta ƙara ɗame ta. Wannan ne dalilin da ya sa tsagar ke zuwa a gicciye.

Akwai kuma wani jan a cikin haɗin kansa, domin kwalta na tsukewa fiye da dutse ninki goma ko sama da haka. Siririyar fatar kwalta da ke lulluɓe da kowace ƙwayar tsakuwa ita ke shan wahalar.

Abin da ke ceton titi shi ne wata ɗabi'a ta kwalta. Duk wanda ya ga ana jan alewa ya san ta: da ɗumi tana miƙewa, idan ta huce kuwa ɓallewa take yi. Kwalta mai kyau, ko da ta yi sanyi, tana ci gaba da malala a hankali yadda ido ba zai gani ba, ta saki jan da ya taru a jikinta.

Amma kowace kwalta na da iyaka. Akwai matakin sanyin da idan ta kai sai ta koma kamar gilashi. A yawancin kwalta wannan mataki na kusa da digiri 20 ƙasa da sifili, ko da yake ya danganta da irinta. Idan sanyi ya sauko da sauri, jan ya fi ƙarfin abin da za ta iya saki, sai titi ya tsage. Tsagar na farawa daga sama, inda sanyi ya fi bugawa, ta gangara ƙasa.

Da farko tsagogin kan yi nesa da juna, mita 30 ko fiye. Kowace shekara sai sababbi su fito a tsakanin tsofaffin.

Tsagar kanta siririya ce, amma ƙofa ce. Ruwa na shiga ta nan ya jiƙa ƙasan titi. A ƙasashe masu ƙanƙara ruwan kan daskare ya kumbura, ya ƙara buɗe ta. Tayar mota ta farfasa bakinta, daga nan sai rami.

Me ke cikin kwalta?

Kwaltar da ake aikin titi da ita a yau, mafi yawanta ragowar ɗanyen mai ce. Idan matata ta cire iskar gas da fetur da kananzir da dizal da mai mai kauri, abin da ya saura a gindin tukunya shi ne kwalta.

Saboda haka ba abu ɗaya ba ce kamar gishiri ko sukari. Tarin dubban sinadarai ce, kuma kowane ɗanyen mai da irin ragowar da yake bari. Ganga biyu na iya zama baƙi ƙirin iri ɗaya, su yi kauri iri ɗaya, amma abin da ke cikinsu ya sha bamban.

Tun a 1837 wani masanin sinadarai ɗan Faransa, Jean-Baptiste Boussingault, ya ware wani ɓangare mai tauri daga cikinta ya raɗa masa suna asfaltin. A 1969 kuma L. W. Corbett ya fito da hanyar raba kwalta gida huɗu, kuma har yau a kan wannan rabon ake tafiya.

Na farko shi ne asfaltin. Idan aka ware shi, baƙin gari ne mai tauri. Shi ke ba kwalta ƙashi, kuma yakan kama daga kashi 5 zuwa 25 cikin 100.

Na biyu shi ne rezin, mai kama da ƙaro. Shi ke ba da danƙo, kuma shi ke kewaye ƙwayoyin asfaltin ya hana su cuɗewa da juna.

Na uku shi ne aromatik, mai ne mai duhu da kauri, wanda galibi ya fi sauran yawa. A cikinsa asfaltin ke iyo.

Na huɗu shi ne saturet, mai ne mai haske da sauƙi. A cikinsa ne yawancin kaki yake.

Misalin da ya fi kusa shi ne fura da nono. Idan aka dama da kyau, furar ta baje cikin nono, komai na tafiya tare. Idan nonon ya yi kaɗan ko ya tsinke, sai gudaji su taru gefe guda.

Haka masana suka kwatanta kwalta tun a shekarun 1920, lokacin da ɗan Holan F. J. Nellensteyn ya kawo wannan fahimta, kafin Pfeiffer da Saal su faɗaɗa ta a 1940. Idan rezin da aromatik sun wadata, asfaltin na bajewa, kwaltar ta riƙa malala tana sakin ja. Idan suka yi ƙaranci, ƙwayoyin asfaltin sai su kama juna su yi saƙa. Irin wannan kwalta tana jure zafin rana sosai, amma idan aka ja ta a cikin sanyi ba ta sakin jiki.

A nan matsalar injiniya take. Kwalta mai tauri na hana titi lotsawa a ƙarƙashin tirela da rana tsaka, amma tana tsagewa da daddare idan sanyi ya sauko. Mai laushi na tsallake sanyi, amma da bazara sai taya ta yi mata kwari.

Kaki, man da ke barci

Duk mai ajiye man ja ko man shanu ya san yadda suke barci da hunturu. Kakin da ke cikin kwalta, ɗan uwan wanda ake kyandir da shi, haka yake yi.

Da zafi yana narkewa ya sa kwalta ta ƙara tsinkewa, lokacin da ake so ta yi tauri. Da sanyi kuma yana daskarewa ya zama ƙananan ƙwayoyi masu sa ta ƙagewa, lokacin da ake so ta yi laushi. Ta kowane ɓangare dai ba alheri ba ne.

Yawan kaki ya danganta da asalin ɗanyen mai. Mai nauyi na Benezuwela da na yammacin Kanada sun yi suna wajen ba da kwalta mai ƙarancin kaki. Ɗanyen man Daqing na ƙasar Sin kuwa yana da kaki sosai, kuma ƙa'idojin ƙasar sun kafa iyaka: kwalta mai daraja ta ɗaya kada kakinta ya wuce kashi 2.2 cikin 100.

Wani abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne kakin ba ya gama daskarewa nan take. A farkon shekarun 1990, Hussain Bahia da David Anderson a Amurka sun nuna cewa kwaltar da aka ajiye cikin tsananin sanyi tana ci gaba da ƙara tauri kwana da kwanaki, ko da sanyin bai ƙaru ba. Idan aka ɗumama ta sai ta koma yadda take.

Ma'ana, kwaltar da ta yi sa'a ɗaya a cikin sanyi daban take da wadda ta yi mako guda. Titi kuwa a Kanada watanni yake yi.

Kwalta ma tana tsufa

Abu na gaba shi ne iska. Tun daga lokacin da aka dafa kwalta ana gauraya ta da tsakuwa mai zafi, iskar oksijin ke fara cin ta. Ɓangarorinta masu sauƙi na tashi, sannan aromatik na rikiɗewa zuwa rezin, rezin kuma zuwa asfaltin.

Wato kullum furar na ƙaruwa, nonon na raguwa.

Shi ya sa sabon titi baƙi ne mai sheƙi, tsoho kuwa ya koɗe ya yi toka-toka. Kuma shi ya sa titin da ya tsallake hunturu biyar lafiya zai iya tsagewa a na shida, alhali sanyin bai fi na baya ba.

Abin ya yi kama da faso. Ƙafar da ke da maiƙo na jure hunturu. Wadda ta bushe ta yi kaushi kuwa, iska kaɗan ta ishe ta darewa.

Abubuwa biyu na hanzarta tsufan, kuma duka a hannun ma'aikata suke. Na ɗaya, ƙona kwalta da wutar da ta wuce kima a wurin haɗi. Na biyu, rashin danne shimfiɗar yadda ya kamata. Idan ƙofofin iskar da suka rage a cikinta suka haura kimanin kashi 8 cikin 100, sai su haɗe da juna, iska da ruwa su samu hanyar shiga har ciki.

Daga allura zuwa lambobi biyu

Shekaru da dama da allura ake auna kwalta. Ana ɗora allura mai nauyin giram 100 a kan samfuri mai zafin digiri 25 na tsawon daƙiƙa 5, a ga iya nutsewarta. Lambar 60/70 da ake gani a takardun kwangila da jikin ganguna daga nan ta fito: allurar ta nutse tsakanin milimita 6 zuwa 7.

Gwajin na da sauƙi da arha, amma yana faɗin halin kwalta ne a digiri 25 kawai, kuma tana sabuwa. Kwalta biyu na iya cin 60/70, amma a cikin sanyi ɗaya ta ninka ɗayar tauri.

Kanada ta fara gano haka a aikace. A 1967 aka gina titin gwaji na Ste. Anne a lardin Manitoba, aka shimfiɗa sassa daban-daban da kwalta iri-iri, aka bar su ga hunturu. Sakamakon ya nuna cewa irin kwaltar da taurinta a cikin sanyi su ne kan gaba wajen tantance sashen da zai tsage.

A 1987 Majalisar Dokokin Amurka ta amince da wani shirin bincike kan manyan hanyoyi da ake kira SHRP, na dala miliyan 150, aka ware kusan kashi ɗaya cikin uku ga kwalta. A 1993 shirin ya fito da tsarin Superpave.

A wannan tsari kowace kwalta na ɗauke da lambobi biyu. PG 64-22, alal misali, na nufin za ta jure titin da zafinsa ke kai digiri 64 a mako mafi zafi na shekara, kuma ba a sa ran ta tsage har sanyi ya kai digiri 22 ƙasa da sifili. Injiniya sai ya duba tarihin yanayin wurin ya zaɓi wadda ta dace. Jihar Minnesota mai tsananin sanyi da jihar Arizona mai hamada ba za su sayi iri ɗaya ba.

Kafin a auna jurewar sanyi, sai an tsofar da kwaltar da gangan. Ana gasa ta a digiri 163 na minti 85 domin kwaikwayon wurin haɗi, sannan a sa ta cikin tukunyar matsin iska na sa'a 20 domin kwaikwayon shekarun da za ta yi a kan titi.

Daga nan sai a zuba ta a yi ɗan sanda mai tsawon kusan santimita 13, a tsoma cikin ruwa mai tsananin sanyi na sa'a ɗaya, a ɗora nauyin giram 100 a tsakiyarsa, a auna yadda yake lanƙwasa. Abu biyu ake dubawa: yawan taurinsa, da kuma saurin sakin jikinsa. Dole ya ci duka biyun.

Wannan tsari ya rage tsagewar sanyi a wurare da yawa. Amma ya bar ƙofa a buɗe, domin bai tambayi abin da aka zuba a cikin kwaltar ba. Ya tambayi ko ta ci jarrabawa ne kawai, kuma jarrabawar ta sa'a ɗaya ce a cikin sanyi.

Man juye a cikin kwalta

Hanya mafi arha ta sa kwalta mai tauri ta ci gwajin sanyi ita ce a tsinka ta da wani mai. Ɗaya daga cikin man da aka koma amfani da shi a Arewacin Amurka shi ne dagwalon tsohon man juye.

Idan aka tattara baƙin man da aka juye daga injinan motoci aka sake tace shi, akwai wani kauri da ke saura a ƙasa. Ana sayar da shi da araha, kuma idan aka zuba shi a kwalta takan yi laushi ta haye gwajin.

Farfesa Simon Hesp, masanin sinadarai a Jami'ar Queen's da ke Kingston a Ontario, ya shafe shekaru yana bin wannan batu. Shi da abokan aikinsa sun riƙa yanko samfuri daga titunan da suka tsage da wuri. Gano man juye ba shi da wuya, domin yana barin sawu: ƙarafa irin su zink da molibdinam, waɗanda ake sa wa man inji don kare shi daga cin ƙarfe, ba a samun su da yawa haka a kwalta ta asali.

Bayanin da suka bayar ya koma kan batun fura da nono. Wannan dagwalo ya fi kusa da dangin saturet, ba ya riƙe asfaltin yadda aromatik ke yi. Yana tsinka kwalta a ranar gwaji, amma da tafiya ta yi tafiya sai asfaltin ya taru gefe guda, kwaltar ta tsufa da sauri ta daina sakin jiki.

Wani titin gwaji ya ƙara fito da abin fili. A 2003 aka shimfiɗa sassa bakwai a kan babbar hanya mai lamba 655 kusa da garin Timmins a arewacin Ontario, da kwalta bakwai masu kusan daraja ɗaya a takarda. Yanayi ɗaya, motoci ɗaya. Bayan 'yan shekaru wani sashen kusan babu tsaga a jikinsa, wasu kuwa sun yi kaca-kaca.

Daga irin wannan bincike aka samar da sabon gwaji a Ontario, inda ake barin sandan kwaltar cikin sanyi har kwana uku maimakon sa'a ɗaya, a ga yawan darajar da ta zubar. Akwai kuma gwajin ƙona samfuri a auna tokar da ta rage, wadda ke tona asirin man juye.

Rahoton 2016 ya zargi ma'aikatar sufuri da jan ƙafa wajen tilasta amfani da irin waɗannan gwaje-gwaje bayan ƙorafin masu masana'antar kwalta. Bayan fitowarsa, ma'aikatar ta tsaurara ƙa'idojinta.

Ba kowa ya yarda laifin na man juye ne shi kaɗai ba. Masu sayar da shi da wasu masu bincike sun ce idan kaɗan aka zuba, kuma a cikin kwalta mai kyau, ba ya yin illar da ake faɗa. Wasu jihohin arewa maso gabashin Amurka sun hana shi gaba ɗaya, wasu kuma sun kafa masa iyaka.

Abin da muhawarar ta haifar shi ne sabon ma'auni. A 2011 Mike Anderson da abokan aikinsa suka ba da shawarar a riƙa kwatanta sakamako biyun nan na gwajin sanda. Idan kwalta ta daina sakin jiki tun da sauran digiri 5 ko fiye kafin ta kai iyakar taurinta, alama ce ta kwaltar da ta bushe daga ciki, ko da lambarta na da kyau.

Ma'aunin ya zama da amfani ga wani batun kuma, wato sake amfani da tsohuwar kwaltar da aka kankaro daga titi. Yin hakan na rage kuɗi da ɓarna, amma tsohuwar ta riga ta tsufa, don haka idan ta yi yawa a haɗi dole a nemi abin da zai dawo mata da maiƙo na gaske.

Roba da tsofaffin tayoyi

Ba duk abin da ake ƙarawa a kwalta ke cutar da ita ba. Injiniyoyi na da wani lissafi: idan aka haɗa lambobin nan biyu suka haura 90, da wuya kwalta zalla ta iya aikin. PG 64-22 ta ba da 86, matata na iya samar da ita kai tsaye. PG 64-34 kuwa 98 ce, sai an yi mata ƙari.

Ƙarin da ya fi shahara shi ne wata roba da ake kira SBS. Dabarar ita ce a ɗauki kwalta mai laushi, wadda dama ba ta tsoron sanyi, a zuba mata 'yan kaso na robar domin ta yi tsayin daka da zafi. Robar na yin saƙa a ciki mai miƙewa ta dawo, tana kuma rage saurin yaɗuwar tsaga. Amma idan asalin kwaltar ba ta da kyau, roba ba ta wanke ta.

A birnin Phoenix na Arizona kuwa, wani injiniya mai suna Charles McDonald ya fara dafa garin tsofaffin tayoyi da kwalta a shekarun 1960 domin like tsagogi. Har yau jihohi irin su Arizona da Kalifoniya na amfani da wannan haɗi.

Ina ruwan ƙasashe masu zafi?

Mai karatu a Kano ko Damagaram zai iya cewa wannan matsalar masu ƙanƙara ce. Gaskiya ne cewa sanyin da ke mayar da kwalta gilashi a dare ɗaya ba ya zuwa yankin Sahel. A nan, nauyin da ya wuce kima da rashin magudanan ruwa da lotsawar titi da zafi su ne manyan masu kashe hanya.

Amma tsagewar yanayi na da fuska ta biyu, kuma an gan ta a wurare masu hamada irin su Arizona da yammacin Texas. Ita ba ta buƙatar ƙanƙara. Abin da take buƙata shi ne tazara mai yawa tsakanin zafin rana da sanyin dare, kullum, shekara da shekaru. Titi ya buɗe da rana ya tsuke da dare, har ya gaji, kamar wayar da ake lanƙwasawa ana miƙewa har ta karye.

Da hunturu a arewacin Najeriya da kudancin Nijar, dare kan sauka ƙasa da digiri 15, rana kuma ta haura 30. Fuskar titi, da yake baƙa ce, tana shan tazarar da ta fi ta iska. Da bazara zafinta na iya wuce digiri 60.

Wannan zafi kuma shi ke hanzarta tsufa. Binciken da cibiyar nazarin sufuri ta Birtaniya, TRL, ta yi a ƙasashe masu zafi ciki har da Kenya ya nuna cewa 'yan milimitocin saman titi na yin tauri fiye da na ƙasa nesa ba kusa ba, kuma daga wannan busasshiyar fata tsaga ke farawa. Shi ya sa ake ba da shawarar a riƙa yi wa titi sabon shafe na kwalta da ƙananan tsakuwa tun kafin ya fara darewa.

Batun asalin kwalta ma ya shafi Najeriya. Ɗanyen man ƙasar mara nauyi ne, mai kyau wajen fetur da dizal, amma ba ya barin ragowar kwalta mai yawa. Saboda haka ne aka tsara wani sashe na matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, domin ya riƙa tace mai nauyi da ake shigowa da shi daga ƙasashe irin su Benezuwela da Kuwait da Saudiyya, a samu man inji da kaki da kwalta.

Ƙasar na da ɗimbin kwaltar ƙasa kwance a jihohin Ondo da Ogun da Edo da Legas, wadda wani kamfani ya fara nema tun farkon ƙarni na 20, amma har yanzu mafi yawan wadda ake shimfiɗawa daga waje ake sayo ta. Kuma lambar allura, 60/70, ita ce aka fi sayen ta da ita. Lambar ba ta faɗin daga wane ɗanyen mai kwaltar ta fito, ko nawa ne kakinta, ko an tsinka ta da wani abu, ko yaya za ta kasance bayan shekara biyar a rana.

Yadda ake karanta tsaga

Tsagar titi na faɗin abin da ya haife ta. Wadda ta yi ƙananan gidaje kamar fatar kada, a daidai inda taya ke bi, ta nauyi ce ko raunin ƙasan titi. Kwari mai tsawo a sawun taya na nuna haɗin ya yi laushi ko ba a danne shi sosai ba.

Wadda ta yi manyan murabba'ai a ko'ina, har inda mota ba ta takawa, alamar kwalta ce da ta tsufa ta bushe. Wadda ta ratsa a gicciye da tazara iri ɗaya kuma ta tsukewa ce. Sai dai ita wannan ba kullum daga kwalta take ba: idan an gauraya jar ƙasar da ke ƙarƙashi da siminti, ita ma tana tsukewa ta tsage, tsagar ta huda ta fito sama. Sai an yanko samfuri kafin a san wanne ne.

Kowace iri ce, maganin farko ɗaya ne kuma shi ne mafi arha: a share tsagar a cika ta da kwalta mai roba kafin ruwa ya samu hanya. A Ontario ana yin haka kafin ƙanƙara ta sauko. A ƙasar Hausa kuwa lokacin shi ne tsakanin ƙarshen hunturu da faɗuwar ruwan farko, domin tsagar da ba ta wuce kaurin tsinke ba a watan Fabrairu tana iya zama ramin da ke fasa taya a watan Agusta.